Yankan Kusurwa A Injin Tebur: Ka Gyara Zaman Katako Kafin Ka Kunna

Firam ɗin madubi, ƙafar tebur mai siririn ƙasa, adon da ake zagaye saman kabad da shi, bakin akwatin da ba a ganin mahaɗarsa: duk aikin da mai kaya zai kalla ya ce kafintan nan ya iya, za ka tarar da yankan kusurwa a cikinsa. Shi ne kuma yankan da katako ya fi son zillewa daga hannu. A yanka na miƙe, katako da zarto hanyarsu ɗaya. Da zarar ka karkata ɗayansu, zarton zai fara jan katakon zuwa inda ba ka nufa ba, kuma ƙarfin damtse ba ya hana shi. Ba abin da ke hana shi sai tsarin da ka yi tun injin yana kashe.

Mu fara da fahimtar abin da ke juyawa a tsakiyar teburin. Faifan zarto mai faɗin inci 10, in yana juyi sau 4,000 a minti ɗaya, haƙoransa suna gudun da ya kai kilomita 190 a awa. Haƙoran da ke gabanka ƙasa suke yi, suna danne katako a kan tebur, su ne masu yanka. Na bayan faifan kuwa sama suke tasowa, suna nufo ka. Matuƙar katako bai goge su ba, ba ruwansu da kowa. Amma in ya murɗe ko ya matse ya taɓa su, sai su ɗaga shi, ya hau saman faifan, a wurgo maka shi a ciki ko a fuska. Wannan shi ne harbin inji, kuma kamar harbin jaki yake, ba ya sallama. Mafi muni ma ba dukan ba ne. Hannun da ke danne da katakon bin sa yake yi, katako ya tafi, hannu ya sauka a kan haƙora.

A Amurka, hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta cewa kusan mutum 30,000 ne faifan injin tebur ke ji wa rauni a kowace shekara, kusan 4,000 daga ciki kuma sukan rasa yatsa ko fiye. Can ke nan, inda injin ke fitowa daga kamfani da murfi da sauran kariya. A wajenmu, wanda ya zaga kasuwannin 'yan katako ya san cewa da yawan injinan haɗin gida ne: mai walda ya ƙera tebur, an ɗaura mota da bel, faifai a tsirara. Ina jinjina wa masu ƙera su, domin da su dubban mutane ke ciyar da iyali. Sai dai injin da ba shi da kariya, dole kafintan ya ƙera masa ita da hannunsa, kuma yawancinta ragowar katako ce da ke zube a ƙasan shago.

Yankan kusurwa kala biyu ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda faifai ke tsaye kyam, kai ne kake karkata katakon, irin na firam. Akwai kuma wanda ake kishingiɗar da faifan kansa, ya yanke gefen katako a jirge, irin na haɗin akwati.

Na farkon ana yin sa ne da ma'aunin kusurwa, wato ƙarfen nan mai digiri-digiri da ke gudu a cikin kwaroron tebur. Doka ta farko a nan ba ta da sassauci: kada ka yanka katako a kan injin nan da hannu zalla, kana bin layin fensir da ido. Ko ma'auni ya jagoranci katakon, ko shinge, ko wani abin da ka ƙera. Na san akwai tsofaffin hannu da ke yin haka kullum ba abin da ya same su. Allah ne ya tsare, ba gwaninta ba ce, kuma yaron da ke kallonsu ba shi da shekarunsu.

Doka ta biyu ita ce aka fi takawa, saboda a ido kamar dabara ce. Mutum yana son ya yanke gutsattsari masu tsawo ɗaya, sai ya ja shinge ya saita shi, ya dafa katako da ma'auni, ƙarshensa na jingine da shingen. Da zarar faifai ya raba katakon, guntun da ya fita ya zauna tsakanin shinge da faifai, babu mai riƙe da shi, babu kuma wurin da zai kauce. Ɗan juyi kaɗan zai yi ya cika tsakanin, haƙoran baya su ɗauke shi. Ma'auni da shinge ba sa aiki tare. In kana son tsawo ɗaya, ka ɗaure ɗan guntun katako a jikin shingen ta ɓangarenka, nesa da faifai. Ka jingina aikinka da wannan guntun don ɗaukar awo, sannan ka tura. Kafin katakon ya isa haƙora ya riga ya rabu da guntun, abin da ya yanke kuma yana da filin da zai kwanta.

Akwai wani abu da duk wanda ya taɓa yanka digiri 45 da ma'auni ya ji a hannunsa, ko da bai san sunansa ba. Kana turawa, katakon na silalewa a hankali a jikin ma'aunin, faifai na jan sa. Shi ya sa kake auna daidai amma ka haɗa firam ka ga baki a buɗe. Shi ya sa kuma yatsu ke matsowa kusa da faifai ba tare da mai su ya lura ba. Maganin ba tsada. Ka ɗaura miƙaƙƙen katako a fuskar ma'aunin da sukurori, mai tsawon da zai tallafi aikin har kusa da faifai, ka manna masa sanfefa mai kaushi a fuska. Sanfefar za ta kama katakon. In guntun gajere ne, ƙasa da taƙi ɗaya, kada ka riƙe shi da hannu ko kaɗan, ka sa kilam. In ma zai yiwu, ka yanke kusurwar tun katakon na da tsawo, daga baya ka datse shi zuwa awon da kake so.

Amma in shawarata za ka bi, wanda ke yin firam ko da sau ɗaya a mako ya ajiye ma'aunin nan ya ƙera tiren yanka. Yini ɗaya ba zai ƙare ba ka gama shi. Ka samu fulawud lafiyayye mai kaurin milimita 12 ko 18, faɗinsa kamar santimita 60, zurfinsa 45. Ka fere sanduna biyu na busasshen katako mai tauri, irin kawo ko maɗaci, su shiga kwaroron tebur su yi gudu ba tare da girgiza ba. A yawancin injinan kamfani faɗin kwaroron milimita 19 ne. Ka manna sandunan a ƙarƙashin fulawud ɗin. In injinka haɗin gida ne marar kwaroro, sai sandunan su rungumi gefunan teburin biyu, amma da sharaɗin ka auna ka tabbatar gefunan sun yi layi ɗaya da faifai, gaba da baya. Ka kafa kakkauran katako a gindin tiren ya riƙe shi, sannan ka tura tiren cikin faifai ya tsaga zuwa tsakiya, ka tsaya.

Yanzu sai zuciyar aikin. Ka yanko fulawud mai kusurwa uku wanda ɗaya daga kusurwoyinsa cikakkiyar digiri 90 ce. Kada ka amince da sukwayar kasuwa kai tsaye, ka gwada da tef: santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, tsakanin alamomin biyu dole ya ba ka 50 cif. Ka kafa shi a kan tiren, tsininsa na kallon tsagar faifai, gefunansa biyu sun buɗe hagu da dama. Amfanin wannan tsari shi ne, kowace mahaɗa za ka yanke rabinta a gefen hagu, rabinta a gefen dama. Ko da ka ɗan kuskure wajen kafawa, hagu ya zama 44 dama ya zama 46, in suka haɗu 90 za su ba ka. Da ma'auni kuwa kuskure taruwa yake yi. Firam yanka takwas ne, in kowanne ya kauce da rabin digiri, digiri 4 ke nan za ka tarar a mahaɗar ƙarshe, kuma babu gam ko fila da zai ɓoye wannan. Sai ka tuna cewa kusurwa kaɗai ba ta isa ba, dole gefunan da ke fuskantar juna su zama tsawo ɗaya, don haka ka sa guntun tsayarwa a jikin tiren maimakon awo da fensir kowane lokaci.

Abu ɗaya da ake mantawa a tiren nan: inda faifai zai ɓullo ta baya, daidai wurin da babban yatsa ke son zama. Ka manna ƙaton guntun katako ya rufe wurin, ka shafa masa jan fenti, ka kuma sa abin da zai tsayar da tiren kafin faifan ya huda guntun.

Lissafin sauran siffofi ba wuya. Ka raba 180 da yawan gefuna. Gefe huɗu 45, biyar 36, shida 30, takwas 22.5. Ka dai lura da ma'auninka, wani daga sifiri yake fara ƙirga yanka na miƙe, wani daga 90, ta yadda 30 ɗin wannan ita ce 60 ɗin wancan. Ka gwada a ragowar katako ka haɗa su a ƙasa kafin ka taɓa katakon mai kaya.

Mu koma ga kishingiɗar da faifai, inda na fi jin tsoro. Kafin ka juya hannun karkatarwa, ka zare filogi daga bango. Kashe makunni kaɗai bai wadatar ba. Ka duba farantin da ke kewaye da faifan, in mai matsattsiyar tsaga ne da aka yi don yanka na tsaye, faifai zai ci shi in ya karkata, sai ka sauya. Ka karkatar, ka ɗaure makullin sosai, ka juya faifan da hannu ka ji ko yana gogar wani abu. Lambobin da ke jikin injin kusan-kusan ne, ka tabbatar da kusurwar da abin awo a jikin faifan, tsakanin haƙora.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci: ina saman faifan ya nufa? Dole ya kauce wa shinge. In ya kishingiɗa zuwa ga shingen, ka gina wa katakon kurkuku ke nan, tebur a ƙasa, shinge a gefe, faifai ya rufo ta sama. Ɗan tashi kaɗan katakon zai yi ya shiga haƙora, kuma hanyar fitarsa ɗaya ce, wajenka. Injin da faifansa ke karkata hagu, shingen ya zauna a dama kamar yadda aka saba. Wanda ke karkata dama, ka ɗauke shingen ka mai da shi hagun faifai. Haka in da ma'auni kake aiki, ka sa shi a kwaroron da faifai ya juya wa baya, don kada haƙora su rufo kan hannunka. Mutane na ƙin sauya wa shinge wuri don hannu bai saba ba. Gara ka yi 'yan gwaje-gwaje injin na kashe har hannun ya gane hanya.

In za ka jirge gefuna biyu na katako ɗaya, akwai tarko a yanka na biyu. Gefen da ka riga ka yanke ya zama tsini, kuma yawancin shingaye suna da ɗan sarari tsakaninsu da tebur. Tsinin zai kutsa ƙarƙashin shingen, awo ya sauya, katako ya cije ana tsakiyar yanka. Ka ɗaura wa shingen fuskar katako da ta zauna daram a kan tebur ba sarari. Kuma da yake katako na son hawa faifan da ke kishingiɗe, ka sa abin da zai danne shi ta sama, a ɗaure a jikin shinge daf da inda yanka ke farawa. Siririn katako kuwa ba a jirge shi shi kaɗai. Ka jirge gefen faffaɗan allo, sannan ka miƙar da faifai ka tsage siririn daga jikinsa.

Ka sani kuma faifai na rasa zurfi in ya karkata. Mai inci 10 da ke cin kusan inci 3 a tsaye, in ya kwanta digiri 45 bai fi inci biyu da kwata ba, ga shi kuma naman da yake ratsawa ya ƙaru. Ka rage saurin turawa. In ka ji ƙarar mota ta sauya ko ka ji ƙaurin ƙuna, kada ka ƙara ƙarfi, kada kuma ka ja katakon baya faifai na juyi. Ka riƙe shi yadda yake, ka kashe, ka jira ya tsaya. Dakusasshen faifai da wanda ƙaro ya daskare a jikinsa su ne ke sa mutum turawa da ƙarfi, kuma mai turawa da ƙarfi shi ne hannunsa ke zarcewa. Don datsa da firam ka nemi mai haƙora 60 zuwa 80, don tsagawa mai 24 zuwa 30. Tsayinsa kuma kada ya wuce saman katako da fiye da tsawon haƙori.

Ƙafar tebur mai tsukewa ba ta buƙatar dogon bayani. Ka samu allo mai miƙaƙƙen gefe, ka kwantar da ƙafar a kansa, layin da ka zana ya yi daidai da bakin allon, ka ɗaure ta da kilam biyu, ka sa guntu a bayanta. Allon ne zai bi shinge, ƙafar fasinja ce kawai.

Akwai wani ƙarfe da na so a ce kowane inji a ƙasar nan yana da shi, wato wuƙar da ke tsaye a bayan faifai, mai lanƙwasa irin tasa. Aikinta ta shiga tsagar da aka yanka ta hana ta rufewa, ta kuma tare katako daga haƙoran baya. Kaurinta ya ɗan fi jikin faifai amma bai kai faɗin tsagar ba, tazararta da haƙora kuma kada ta wuce milimita 8. A Turai an daɗe da wajabta ta. Mu muka fi su buƙatarta, domin katakonmu sau da yawa ɗanye yake isowa, musamman malaina, kana tsagawa yana murɗewa yana cije faifai. Mai walda zai iya ƙera ta, amma a kafa ta a jikin abin da ke ɗauke da faifan, yadda za su tashi tare su karkata tare. Wadda aka kafa a tebur tana tsaye faifai na kishingiɗe, ita kanta matsala ce. In injinka da ita ya zo aka cire aka jefa bayan shago, ka nemo ta yau. Ka haɗa da sandar turawa mai tsawon aƙalla santimita 45, ita za ta yi santimita 30 na ƙarshen kowace tsaga, ba hannunka ba.

Sai matsalar da littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa kullum muna cikinta. Ana tsakiyar yanka a ɗauke wuta. Inji ya yi shiru, katako na cikin faifai, mutum ya sa hannu zai zare, ko ya fita shan iska ya bar makunni a kunne, yaro ya zo share garin katako. Sai a dawo da wuta. Duk lokacin da wuta ta ɗauke ko janareta ya mutu, abin da hannunka zai fara taɓawa shi ne makunni. Mafi alheri ka sa mai gyaran lantarki ya haɗa maka makunni mai maganaɗisu, wanda ke sakin kansa in wuta ta tafi, ba ya kuma tashi sai an danna shi da gangan. A kafa shi inda gwiwa za ta iya kashe shi in hannaye biyu na kan aiki. Ko ka kashe da kanka ma, faifan na ci gaba da juyi na ɗan lokaci, ba ƙara, kuma yana yanka. Guntun da ke kusa da shi ya jira.

Ka tsaya a gefen layin faifai, ba a bayansa sak ba, kuma kada kowa ya gifta ta wannan layin. Yaron da ke karɓar katako a baya tallafa aikinsa, ba ja ba, hannunsa kuma nesa da faifai. Safar hannu ba ta da wuri a injin nan, haƙori ɗaya in ya kama zarenta ya kama hannun. Haka dogon hannun riga, zobe, agogo, da carbi a wuyan hannu. Tabarau na kariya dole ne, da abin toshe kunne, da takunkumi, musamman in loko ko MDF kake yanka, domin ƙurarsu na taɓa ƙirji. Lokacin da na fi jiye wa 'yan'uwa shi ne gab da Sallah da kakar bukukuwa, uwar amarya na waya, ana kwana a shago. Mai jin barci da wanda ya sha ƙwayar ƙarin ƙarfi, su yi goge-goge da fenti, su bar injin.

Wani Ba'amurke mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro a 1999 injin da ke jin taɓawar fata ya tsayar da faifai cikin kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa, ana sayar da shi da sunan SawStop. Fasaha ce mai kyau, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin shagunanmu, kuma ko shi ba ya hana harbi sai da wuƙar baya.

In kuma ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, a danne raunin da tsaftataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba baƙin mai ko kananzir ko garin katako. In yatsa ya fita, a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A nufi babban asibiti mai likitocin ƙashi nan take, irin Asibitin Ƙashi na Dala ga mutanen Kano, ba kemis ba, domin sa'o'in farko su ne ke da amfani.

Maigida, yaran da ke shagonka amana iyayensu suka ba ka, kuma yadda suka ga kana yi haka za su yi har su buɗe nasu. Kafin ka karɓi wani aikin firam, ka ware rabin yini, ku ƙera tiren nan tare da su, ku fere sandunan turawa biyu ku rataye a jikin injin, ka kuma kira mai lantarki ya sauya makunnin. Yaron da bai nuna maka duk wannan a injin da ke kashe ba, kada ka bar shi ya kunna.